KAMA DA WANE BA TA WANE: ZIYARA A GIDAJEN TSOFAFFIN JIRAGEN DIZAL NA INGILA

Duk baƙon da ya shiga tashar King's Cross ta birnin Landan da hantsi zai tarar da jiragen lantarki masu dogon hanci sun yi sahu, wannan na shiga wancan na fita, ba hayaƙi, ba wata ƙara ta a zo a gani. Amma dattawan da suka san tashar nan shekaru hamsin da suka wuce sun san ba haka take ba a da. Daga shekarar 1961 zuwa ƙarshen 1981, waɗansu kawunan jirgi guda 22 masu shan man dizal, waɗanda ake kira Deltic, su ne sarakunan hanyar da ta tashi daga nan ta bi gabashin Ingila har Edinbara ta ƙasar Sikotilan, tafiyar mil 393. In ɗayansu ya ta da injinsa a ƙarƙashin rufin tashar, sai gunji ya cika wurin, hayaƙi ya turnuƙe, mai magana ya dakata sai jirgi ya fita.

Ran 2 ga watan Janairu, 1982, aka yi tafiyar ban kwana. Mai suna Tulyar ya ja taragu zuwa Edinbara, mai suna Royal Scots Grey ya komo da su Landan, jama'a kuwa ta yi dafifi a tasha don ganin ƙarshen zamaninsu. Daga cikin 22 ɗin nan, 16 an yayyanka su an sayar da ƙarfen. Shida ne suka tsira, sai kuma kakansu, watau na gwaji wanda aka fara ƙerawa a 1955.

To, amma akwai inda ko ɗaya daga cikinsu bai mutu ba. A ɗakunan gidaje da zaurukan ƙungiyoyi na Ingila akwai dubban Deltic, kowanne tsawonsa bai kai kamu guda ba, suna gudu da wutar lantarki bisa siraran layukan dogo da aka shimfiɗa kan tebur. Waɗannan su ne samfurori. Kada mai karatu ya ɗauka irin motar kara ce ko ta gwangwani da yara ke ƙerawa a tsakar gida. Manya ne ke saye da tarawa, kuma sharaɗin abin shi ne kowace taga da kowace kusa ta zauna daidai inda take a jikin na ainihi, an dai rage ta da ƙayyadadden awo. Tambayar da ke sa mutum yawon gidajen da aka ajiye tsofaffin jiragen ita ce: shin wanda ya tsaya gaban jirgin da aka adana, ya auna shi ciki da bai, ya ƙera ƙaraminsa daidai wa daida, ya faɗi gaskiyar tarihi ke nan?

DAGA LANDAN ZUWA YORK

Jirgi na barin King's Cross sai ya ratsa ramuka biyu na ƙarƙashin ƙasa, kafin fasinja ya gama gyara zama ya iso Finsbury Park, mil biyu da rabi daga tasha. A nan kusa ne aka buɗe lokon jiragen dizal a 1960, aka rufe shi a 1983, yanzu kuwa gidajen kwana ne a filin. Deltic takwas ne suke kwana a lokon, kuma dukkansu sunayen dawakin sukuwa aka raɗa musu: St. Paddy, Meld, Pinza, Alycidon, Crepello, Tulyar, Ballymoss da Nimbus. Shi Tulyar na asali dokin Aga Khan ne, wanda ya ci babbar sukuwar Derby a 1952. Sauran 14 kuwa, shida na lokon Gateshead, takwas na lokon Haymarket a Edinbara, sunayen rundunonin soja aka ba su.

A 1979 ma'aikatan Finsbury Park, saboda alfahari da dawakinsu na ƙarfe, suka shafa musu farin fenti kewaye da tagogin direba. Shida ne suka sami wannan ado, domin a lokacin St. Paddy da Nimbus sun riga sun kwanta a ma'aikatar Doncaster ana ciccire musu kayan gyara. Da aka mayar da waɗanda suka rage York a 1981, sai aka shafe farin. Watau ado ne na kamar shekara biyu, a jikin jirage shida kawai. Saboda haka duk wanda ya ƙera samfurin Nimbus shuɗi da fararen tagogi ya ƙera abin da ido bai taɓa gani ba, ko da kuwa ya fi na gaskiya kyau. Irin wannan ƙididdiga ce ke raba masu wannan sana'a da masu wasan yara.

A mil na 156 jirgi kan tsaya Doncaster. Ta hannun hagu mutum zai hangi jajayen gine-ginen tsohuwar ma'aikatar reluwe, inda aka ƙera shahararrun jiragen tururi irin su Flying Scotsman da Mallard. A nan ake yi wa Deltic babban gyara duk tsawon rayuwarsu, kuma a nan aka yanka su, aka fara da St. Paddy da Nimbus a 1980. Daga Doncaster zuwa York ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonaki da korayen makiyaya, ba dutse ba tudu.

York tana mil 188 daga Landan, tafiyar kamar awa biyu. Tasharta, wadda aka gama a 1877, tana da dogon rufi na ƙarfe da gilashi wanda ya lanƙwasa tare da layin dogo. Mutum na fitowa zai yi kiciɓis da ganuwar birnin ta farin dutse, wadda har yanzu ake hawa a zaga gari a kanta, can gaba kuma ga hasumiyoyin babbar majami'ar York sun yi wa gari rumfa. Bayan tashar ne Gidan Tarihin Reluwe na Ƙasa yake. An buɗe shi a 1975 a wurin tsohon lokon York, kuma shiga kyauta ce. A babban zaurensa jirage sun kewaye faifan da ake juya kan jirgi a bisansa, a cikinsu har da Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, da kuma wani tarago na jirgin Japan mai gudun tsiya.

Deltic ɗin da wannan gida ya mallaka shi ne mai suna King's Own Yorkshire Light Infantry, kuma tarihinsa kaɗai ya isa ya nuna wuyar al'amarin. Sa'ad da ya fito a 1961 lambarsa D9002, jikinsa kore ne mai duhu, da ratsin tsanwa a gindi da fari kewaye da tagogi, ba shi da suna, goshinsa kuma ba ɗigon rawaya. Ba a jima ba aka shafa wa goshin jiragen ɗan murabba'in fenti rawaya don ma'aikatan kan layi su hango su daga nesa, a 1963 kuma aka manna masa allon suna. Daga 1966 aka shiga mayar da Deltic shuɗɗa masu goshi rawaya baki ɗaya, kafin 1969 ta ƙare ba sauran kore. A 1967 da 1968 aka ƙara musu birki mai aiki da matsin iska, a 1970 da 1971 aka ƙara wayoyin ɗumama taragu da lantarki, ko wanne kuwa ya zo da nasa bututu ko igiyar waya a gaban jirgi. A 1973 da 1974 aka sake lambobi, D9002 ya koma 55002. A goshin kowanne da akwai wani akwatin gilashi mai nuna lambar tafiya da harufa huɗu. Daga 1976 aka daina amfani da shi, daga baya aka toshe shi da ƙarfe aka sa ƙananan fitilu biyu.

Sa'an nan a ƙarshen 1980, da aka san gidan tarihi zai koma, sai aka mayar masa da koren fenti. To, amma koren ya hau bisa jikin 1980 ne: lamba 55002, goshi rawaya gaba ɗaya, akwatin lamba a toshe, wayoyin ɗumama taragu na rataye. Wanda ya gan shi a haka ya ce ga yadda Deltic suke a 1961 ya yi kuskure wajen huɗu ko biyar a kallo ɗaya. Tun daga nan ma an sake masa fenti fiye da sau ɗaya. Don haka ne masu ƙera samfuri da gaske, bayan sun gama kallon jirage, sukan hau ɗakin ajiyar takardu na gidan, inda ake adana zane-zanen injiniyoyi da tsofaffin hotuna, su zauna su yi ta bincike kamar ɗalibai.

LISSAFIN AWO

A kantin gidan tarihin ana sayar da samfurorin waɗansu daga cikin jiragen da mutum ya gama kallo, kuma a nan ne ya kamata a fahimci lissafin abin. Awon da ya fi yawa a Birtaniya shi ne wanda ake kira OO, watau kowace ƙafa guda ta jirgin ainihi ta zama milimita 4, ko kuma a ce an rage shi sau 76 da ɗan ɗori. Tsawon Deltic ƙafa 69 ne da inci 6, saboda haka samfurinsa milimita 278 ne. Inci guda ya zama sulusin milimita, don haka ƙarfen da direba ke kamawa ya hau, mai kaurin kamar inci, sai an nemo masa wayar da ba ta fi zaren ɗinki kauri sosai ba. Gudun mil 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun Deltic, ya zama wajen santimita 59 a daƙiƙa a kan tebur.

Wani abin mamaki shi ne, mutanen nan da ke ƙirga kusoshi sun yarda da wani babban kuskure tun kaka da kakanni. Faɗin layin dogon Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435. In aka rage shi da awon OO ya kamata ya zama milimita 18.83, alhali layin da ake sayarwa milimita 16.5 ne, wanda ya yi daidai da ƙafa 4 da inci 1 da rabi. An ci inci bakwai ke nan. Dalili kuwa shi ne, milimita 16.5 na awon HO ne, mai rage abu sau 87, wanda Amurka da sauran ƙasashen Turai ke bi. Jiragen Ingila sun fi nasu ƙanƙanta, motocin lantarki na shekarun 1920 da 1930 kuma manya ne, ba sa shiga cikin ƙaramin jiki. Sai masu ƙira suka ƙara girman jiki suka bar layi yadda yake. Da kamfanin Meccano ya fito da jiragensa na Hornby Dublo a 1938 bisa wannan tsari, sai abin ya zauna daram. Waɗanda abin ya dama sukan shimfiɗa nasu layin da hannu, waɗansu milimita 18.2, masu tsanani kuma 18.83 cif, su sake wa kowane jirgi ƙafafu.

Akwai kuma matsalar kwana. Kwanar da akasarin masu tebur ke amfani da ita, in aka mayar da ita girman ainihi, ba ta fi ta da'irar da ke da mita 33 daga tsakiya zuwa baki ba, kwanar da Deltic na gaske ba zai iya sha ba ko ana tura shi. Don samfuri ya iya shanta, masu ƙirar da sukan ɗaga jikin sama kaɗan, ko su rage girman ƙafafu, ko ma su gajarta jirgin ɗungurungum. Kan dizal ɗin da Hornby Dublo ya fitar a farkon shekarun 1960 da sunayen Crepello da St. Paddy gajere ne ƙwarai. Wanda kamfanin Lima na Italiya ya fitar a ƙarshen shekarun 1970 shi ma bai kai tsawo ba. Duk da haka an saye su da yawa, don da babu gara ba daɗi, kuma yara da dama sun girma suna zaton haka siffar Deltic take.

SHILDON, WURIN KAKA

Daga York jirgi kan miƙe arewa sak zuwa Darlington cikin kamar rabin awa, a kan layin da ba kwana ba hawa, inda direbobin Deltic kan saki linzami. A Darlington ake sauya jirgi a shiga wani ƙarami mai bin reshen Bishop Auckland, a sauka Shildon. Ƙaramin gari ne na jan bulo, wanda ma'aikatar ƙera taragu ta riƙe har zuwa 1984 da aka rufe ta. Amma daga nan ne, ran 27 ga Satumba, 1825, kan jirgi mai tururi ya ja jama'a da gawayi a ranar buɗe layin Stockton da Darlington, abin da aka yi bikin cikarsa shekara 200 a 2025. A 2004 aka buɗe reshen gidan tarihin York a garin, aka sa masa suna Locomotion.

Kakan Deltic, wanda kamfanin English Electric ya ƙera a garin Preston a 1955, nan aka mayar da shi a 2020 bayan an ba da aronsa na shekara takwas ga garinsu na haihuwa. Ko makaho ya shafa ya san ya bambanta da jikokinsa. Jikinsa shuɗi ne mai haske kamar sararin sama bayan ruwa, da dogayen ratsi masu ruwan madara a gefe, a goshi kuma ga waɗansu lanƙwasassun zane kamar tsagar gado a fuska. Sama da su akwai gurbin babbar fitila irin ta jiragen Amurka, domin kamfanin ya yi fatan sayar da irinsa a ƙasashen waje, amma ba a taɓa sa fitilar ba. Ƙarfin doki 3,300 gare shi, a zamaninsa babu kan dizal guda ɗaya da ya kai shi a duniya. Bai taɓa zama mallakar hukumar reluwe ta Birtaniya ba. Kamfanin ne ya ba da shi a gwada, ya yi ta jan taragu har injinsa ya lalace, aka dakatar da shi a 1961. A 1963 aka kai shi Gidan Tarihin Kimiyya na Landan, ya shekara talatin a can kafin a ɗauko shi zuwa York a 1993.

Da yake bai daɗe yana aiki ba, kuma bai sake gudu ba tun da ya tsaya, jikinsa bai sha sauye-sauye irin na jikokinsa ba. Shi ne shaidan da ya fi kowa riƙe magana guda. Shi ya sa a 2007, da kamfanin Bachmann ya tashi yi wa gidan tarihin samfurinsa, aka haska jikinsa da na'urar lesa mai auna kowane tudu da kwari, aka zuba awon a kwamfuta, samfurin ya fito da lanƙwasar goshi wadda da wuya tef da ido su kama. Amma awon kaka ba ya yi wa jikoki amfani, don su sun fi shi tsawo, siffar goshinsu da ta rufinsu kuma daban ce.

Su 22 ɗin a ma'aikatar Vulcan Foundry aka ƙera su, a Newton-le-Willows tsakanin Liverpool da Manchester, a 1961 da 1962, don su maye gurbin kawunan tururi 55. Tsofaffin ma'aikatan reluwen Nijeriya sun san wannan suna, domin ita ce a 1948 ta ƙero wa ƙasar nan waɗansu kawunan tururi da aka raɗa wa sunayen koguna. Ma'aikatar an rufe ta a 2002, daga baya aka rushe aka gina gidaje. Mai neman sanin yadda Deltic suka fito ran farko ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a can.

BARROW HILL, INDA SUKE DA RAI

Mai son ganin Deltic da ke numfashi sai ya juyo kudu, ya wuce York da Sheffield, ya sauka Chesterfield, garin da ake ganewa da murɗaɗɗiyar hasumiyar majami'arsa wadda ta karkace kamar za ta faɗi. 'Yan mil kaɗan arewa maso gabas, kusa da Staveley, ƙasar tsofaffin ramukan kwal da ma'aikatun ƙarfe, akwai lokon Barrow Hill. Kamfanin Midland Railway ne ya gina shi a 1870, da faifan juyi a tsakiya da layuka 24 kewaye da shi kamar haƙoran mataji. Hukumar reluwe ta rufe shi a 1991, saura ƙiris a rushe, sai 'yan sa kai suka tashi tsaye suka cece shi, aka sake buɗewa a 1998. Ciki duhu-duhu ne, ƙasa ta sha baƙin mai na shekara ɗari da hamsin, ƙamshin gawayi da giris ya kama bango.

A harabarsa ne Ƙungiyar Adana Deltic, wadda aka kafa tun 1977 jiragen na kan aiki, ta buɗe nata ɗakin a 2003. Uku daga cikin shidan nata ne: Alycidon da Royal Highland Fusilier, waɗanda ta saya a 1982, da Tulyar da ya biyo baya a 1986. Akasarin masu aikin ba biyansu ake yi ba. Gyaran da aka fara yi wa Tulyar a ƙarshen shekarun 1990 ya ci fiye da shekara ashirin, ana yi ana tara kuɗi.

A nan ne mutum zai gane inda sunan ya samo asali. Kowane kai yana ɗauke da inji biyu na kamfanin Napier, waɗanda asali don ƙananan jiragen ruwan yaƙi aka ƙirƙiro su. An jera silindojin injin a siffar kusurwa uku, irin harafin Girkanci da ake kira delta, da karanshaf uku a kusurwoyin kamar duwatsun murhu. Kowane inji na da silinda 18 da fistan 36, biyu-biyu suna fuskantar juna a silinda guda, yana ba da ƙarfin doki 1,650. Injinan na juya janareta, wuta ta tafi ga motoci shida da ke juya ƙafafu. Wannan dabara ce ta sa kai mai nauyin tan 99 kawai ya mayar da tafiyar Landan zuwa Edinbara awa shida a 1962.

To, a nan ne fa kama da wane ba ta wane. Jirgin da ake so ya ci gaba da gudu dole ya ci gaba da sauyawa. Wanda zai hau babban layi a wannan zamani sai an sa masa fitilar gaba mai ƙarfi, da rediyon magana da masu ba da hanya, da na'urar taka birki da kanta in direba ya wuce jar alama, da na'urar ajiye bayanin tafiya, alhali ko ɗaya babu su a 1961. Tun suna bakin aiki ma ana musanya musu injina a Doncaster, a cire mai ciwo a sa lafiyayye, haka kuma firam ɗin da ke ɗauke da ƙafafu, wanda ake musanyawa har da na waɗansu jiragen dizal na English Electric. Bayan ritaya ma labari bai ƙare ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Porterbrook mai ba da hayar jirage ya shafe Gordon Highlander da fenti shunayya, ya sa masa fitilun zamani a goshi. A 2011 kuma aka ɗauki hayar Royal Scots Grey, yana da shekara hamsin, ya ja taragun kaya a arewa maso gabashin Ingila. Wanda ya haska ɗayan waɗannan da lesa, awon yau zai samu, sa'an nan ya zauna ya yi ta ɗebe abin da shekaru suka ƙara.

Kazalika su 22 ɗin ba su taɓa zama abu guda ba. Ƙahon busa na wani yana kan rufi, na wani bisa hanci, na wani a ƙasa. Waifar gilashi ta sauya. An toshe waɗansu ƙananan tagogi na gefen direba, an toshe ƙofofin zuba yashi na gefen jiki, kuma ba rana ɗaya aka yi wa kowa ba. Firam ɗin ƙafafu wani zubi ne, wani walda. Allon suna na dawaki layi ɗaya ne, na waɗansu rundunoni layi biyu ne da tambari a sama. Samfurin da kamfanin Accurascale ya fitar a 2022 ya yi suna ne saboda an yi masa sassa iri-iri, yadda kowace lamba za ta fito da kamannin da take da su a shekarar da aka nufa.

SHAIDU UKU

Ashe mai ƙera samfuri kamar alƙali ne da shaidu uku a gabansa, kowanne da raunin da ke jikinsa. Na farko shi ne jirgin da aka adana: shi kaɗai ake iya taɓawa a auna, amma labarin yau yake bayarwa. Na biyu zanen ma'aikata: yana faɗin abin da injiniya ya yi niyya, ba lalle abin da maƙera suka yi ba, balle abin da aka sauya daga baya. Na uku tsohon hoto: yana faɗin gaskiyar rana guda, amma gefe ɗaya yake nunawa, launinsa kan koɗe, in kuma ba kwanan wata a bayansa rabin amfaninsa ya tafi. Sai ukun sun haɗu a kan magana kafin a yanke hukunci. Shi ya sa tambayar farko da gwanaye ke yi wa mai son samfuri ita ce wace lamba yake so, ta biyu kuma a wace shekara.

Akwai abu ɗaya da jirgi mai rai ne kaɗai ke iya ba da shi, shi ne murya. Samfurorin yanzu suna da 'yar lasifika a ciki, kuma gunjin da ke fita daga gare ta a jikin waɗannan tsirarun da suka rage aka naɗo shi, daga tayar da inji na farko zuwa shigowar na biyu. Da an yanka duka 22, da ba inda za a kai makirufo. Akwai kuma abin da jirgin gidan tarihi ke ɓoyewa, shi ne dauɗa. Deltic na bakin aiki rufinsa baƙi ne da hayaƙi, mai na tsiyaya daga bututun hayaƙi zuwa gefen jiki, ƙafafu sun yi ja da ƙurar birki. Saboda haka mutum zai sayi samfuri da tsada, yana sheƙi, ya ɗauko ɗan burushi ya ɓata shi da gangan, yana duban hoton 1978, har sai ya yi kama da jirgin da ya kwana bisa hanya.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin wasa? Amsa tana nan cikin kayan da ƙungiyar ta adana, inda akwai gidan direba na The Green Howards, an yanko shi daga jikinsa a Doncaster, sauran jikin kuwa ya narke tuntuni. Shi da 'yan'uwansa 15 babu inda za a je a gan su. Direbobin da suka tuƙa su da makanikan da suka kwana ƙarƙashinsu suna ta raguwa kowace shekara. Yaron da aka haifa bayan 1982 ba zai taɓa ganin Nimbus ko Pinza ko Ballymoss a tsaye ba sai a kan tebur, tsawon milimita 278, kuma abin da ya gani a nan shi zai riƙe a matsayin gaskiya ya gaya wa na bayansa. In an sa ƙahon a inda ba nan yake ba, ko an haɗa fentin 1961 da lambar 1974, ba wanda zai tashi daga Doncaster ya ƙaryata. Don haka ne a ranakun da ake buɗe Barrow Hill ga jama'a akan ga waɗansu ba goshin jirgi suke ɗauka hoto ba. Suna durƙushe ne gefen ƙafafu, da tef a hannu da ɗan littafi, suna rubuta faɗin wani ƙarfe da ba wanda ya kula da shi sai su.